Wane kwas ya kamata a karanta a digirin farko kafin neman makarantar likita a Amurka?

Kawun Asiya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar karatun likita a Amurka. 'Yar ƙanwata ce ta gama sakandare a Bronx da ke birnin New York, ta samu jami'a, a watan Agusta za ta fara. Likita take son zama. Mahaifiyarta ta kafe sai bayoloji, wai duk wanda ya bar bayoloji ya bar hanya. Ita kuwa yarinyar tarihi ne a ranta. Wani maƙwabci kuma ya ce a sa ta injiniyanci, ko likitancin bai samu ba tana da abin yi. Mun rasa na kamawa. Tana da katin zama na dindindin, in wannan zai canza lissafi.

Dakta Habu:
Wa'alaikumussalam Kawu. Katin nan ya sauƙaƙa mata abubuwa da yawa, ku gode wa Allah.

A fara gane tsarin tukuna. A can ba a shiga likitanci daga sakandare kamar yadda ake yi a gida ta hanyar JAMB. Sai an yi digirin farko na shekara 4, sannan a nemi makarantar likita, ita ma shekara 4, a fito da digirin likita, MD ko DO. Kuma makarantun ba su ɗora wa kowa wani kwas ba. Abin da ake ce wa firimed, a yawancin jami'o'i ba kwas ba ne, jerin darussa ne da ɗalibi zai ɗauka ko me yake karantawa.

Jerin da aka saba: bayoloji zango 2 da aikin lab, kemistiri na gama-gari zango 2 da lab, oganik kemistiri zango 2 da lab, fiziks zango 2 da lab, bayokemistiri zango 1, Turanci ko darasin rubutu zango 2, sai lissafi, wasu makarantun kalkulas suke so, wasu kuma ƙididdiga. Ana ƙarawa da ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa saboda suna fitowa a MCAT, jarrabawar da ake rubutawa don neman makarantar likita. Digiri gaba ɗayansa kiredit 120 ne ko kusa da haka, waɗannan darussan za su ci 40 zuwa 50. Sauran fili ne, ta cika shi da tarihin da take so. Ɗan tarihi da ya ɗauki jerin nan ya ci da kyau, babu mai ce masa don me.

Maman Walid:
Dakta ban ƙi maganarka ba, amma fa mahaifiyar ba ta yi ƙarya ba. Fiye da rabin masu neman makarantar likita a Amurka bayoloji da danginsa suka karanta, kuma ruwa ba ya tsami banza. Mai bayoloji ko bayokemistiri, darussan nan da ka jero suna cikin manhajarsa, ba ƙari ba ne a kansa. Jadawalin sashensa an tsara shi ne yadda ba za su yi karo da juna ba. Malaman da za su rubuta masa takardar shaida, su ne malamansa na kullum. Neman gurbi a ɗakin bincike ma ya fi masa sauƙi. Mai tarihi kuwa shi zai riƙa kokawa da jadawali da kansa, lab na awa 3 ko 4 da rana ya faɗo daidai lokacin wani darasin dole na sashensa, sai ya ɗage ɗaya zuwa baɗi. A wasu jami'o'in ma 'yan sashen kimiyya ake fara buɗe wa rajistar ajin, ɗan wani sashe ya samu ragowa.

Malam Na-Zazzau:
Hajiya, ga inda alƙaluman AAMC suke ba mutane mamaki. Ita ce ƙungiyar makarantun likita ta Amurka, duk shekara tana fitar da jadawalin masu nema da waɗanda aka ɗauka bisa kwas ɗin da suka karanta. Masu bayoloji sun fi kowa yawa, amma ba su ne kan gaba a kason waɗanda ake ɗauka ba. 'Yan adabi, tarihi da falsafa, da 'yan lissafi, kasonsu ya saba ɗara na bayoloji. Waɗanda suka karanta kwasa-kwasan kiwon lafiya irin su aikin jinya su ne sukan zo ƙasa. To ina maganar duk wanda ya bar bayoloji ya bar hanya?

Dakta Habu:
Malam a bi alƙaluman nan a hankali. Gaskiya ne, amma ba tarihin ne ya shigar da su ba. Ɗan tarihin da ya kai ga neman makarantar likita ya riga ya tsallake oganik da fiziks bisa zaɓin kansa, wanda bai iya ba tuni ya sauka ya kama wata hanya, ba ya cikin lissafin. Tatattu ne 'yan kaɗan. Bayoloji kuwa kowa da kowa yana ciki, har da wanda makinsa bai kai ba amma ya ce bari ya gwada sa'a. Don haka kada wani ya karanta jadawalin ya ce bari ya gudu falsafa don a ɗauke shi. Abin da alƙaluman suka tabbatar ɗaya ne, barin bayoloji ba ya rage wa mutum komai.

Malam Na-Zazzau:
Na karɓi gyara. Amma akwai sashe guda na MCAT da mai karatun tarihi yake da riba ta gaske, wato CARS. Tambaya 53 a minti 90, babu kimiyya ko ɗaya a ciki. Dogayen rubuce-rubuce ne a kan falsafa, fasaha, siyasa da makamantansu, a ce ka fito da manufar marubuci, ko a ce in an kawo sabuwar hujja kaza, ta ƙarfafa maganarsa ko ta raunana ta. Ba a haddace shi. Wanda ya shekara 3 yana karanta shafi ɗari a mako yana rubuta sharhi ya riga ya yi atisaye. Yaranmu da yawa, musamman waɗanda suka taso da Turancin makaranta kawai, a nan suke zubar da maki alhali sun ci sauran sassan.

Anti Binta:
Tunda an taɓo MCAT bari a faɗe ta gaba ɗaya don Kawu ya gane. Sashe 4 ne. Kemistiri da fiziks, tambaya 59 a minti 95. Sai CARS da Malam ya faɗa. Sai bayoloji da bayokemistiri, 59 a minti 95. Sai halayyar ɗan Adam da zamantakewa, shi ma 59 a minti 95. Jimilla tambaya 230, zaman ya kai awa 7 da rabi har da hutu. Kowane sashe makinsa daga 118 zuwa 132, jimilla daga 472 zuwa 528, tsakiya 500. Waɗanda ake ɗauka a makarantun MD matsakaicinsu yana wajen 511 zuwa 512, GPA ɗinsu kuma, wato matsakaicin makin digiri, ya haura 3.7 bisa 4. Wannan tsarin tun 2015 ake kansa.

Kuma ba jarrabawar da za a yi ta maimaitawa ba ce kamar UTME. Sau 3 a shekara ɗaya, sau 4 a shekara 2 a jere, sau 7 a duk rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon, har wanda makinsa ya yi ƙasa. Yawancinsu ba sa karɓar wanda ya wuce shekara 2 zuwa 3.

Abin da ya shafi zaɓin kwas a nan shi ne bayokemistiri. Yana fitowa a sashe 2 cikin 4. Duk kwas ɗin da ta zaɓa, kada ta zauna MCAT ba ta gama shi ba.

Kawun Asiya:
Allah ya saka. To in na fahimta, tarihin ba laifi. Amma me zai iya ɓata mata a hanya? Na fi son in ji matsalar tun yanzu.

Anti Binta:
Babbar matsalar lissafin GPA ce, Kawu, kuma mutane ba sa lura sai sun zo cika fom.

Fom ɗin da ake nema da shi, AMCAS, ba ya ɗaukar GPA ɗin da jami'a ta rubuta. Yana sake nasa lissafin, ya raba gida 2. Akwai BCPM, wato bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi, akwai kuma sauran darussa. Masu tantancewa BCPM suke fara dubawa. To duba nan. Mai tarihi kiredit 40 kacal take da shi na kimiyya. A ce ta ci A a duka, sai darasi 2 masu kiredit 4 kowanne ta samu C. Kiredit 32 sau 4 ya ba da 128, kiredit 8 sau 2 ya ba da 16, a haɗa 144, a raba da 40, ta tashi da 3.6. Mai bayoloji da yake da kiredit 80 na kimiyya, ya samu C guda 2 iri ɗaya, 288 a tara da 16 ya zama 304, a raba da 80, ya tashi da 3.8. Tuntuɓe ɗaya suka yi, amma ita ba ta da inda za ta ɓoye nata. Gishiri cokali ɗaya a ƙaramar tukunya ya fi fita.

Maganinsa, in ta zaɓi tarihi, ta ƙara darasi 3 ko 4 na manyan aji a bayoloji: ilimin gado, fiziyoloji, ilimin ƙwayar halitta, maikurobayoloji. Suna faɗaɗa tukunyar, suna taimakawa a MCAT, kuma suna nuna wa makarantu tana iya ɗaukar kimiyya mai nauyi.

Dakta Habu:
A ƙara da wannan. AMCAS ba ya yafe faɗuwa. Jami'a da yawa in ka maimaita darasi sukan goge tsohon maki su sa sabo. AMCAS duka biyun yake lissafawa. F a darasi mai kiredit 4, ka maimaita ka ci A, a wajensu kiredit 8 ne a kan 2.0. Fom ɗin makarantun DO, AACOMAS, da can yana maye gurbin tsohon maki, amma ya daina tun 2017. Don haka in yarinya ta ga darasi ya fi ƙarfinta, gara ta janye kafin ranar da aka tsayar, a rubuta mata W, ba ya shiga GPA. W ɗaya ko 2 ba abin tashin hankali ba ne, jerinsu ne yake jawo tambaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Har darussan kwaleji da yaro ya ɗauka tun yana sakandare suna shiga wannan lissafin. Kawu a tambaye ta ko ta taɓa yin irinsu, da makin da ta samu.

Injiniya Bala:
Ni dai ina tare da maƙwabcin nan. A shekarun nan masu nema sun haura dubu 50 a shekara, kujerun MD kuwa wajen dubu 23 ne. Fiye da rabi ba sa samu. Wa ya ce Asiya ba za ta faɗa cikinsu ba? Ko ta canza ra'ayi a aji 3? Digirin bayoloji zalla aikinsa a kasuwa ba shi da kauri, yawanci mataimakin ɗakin gwaji ne da ƙaramin albashi, sai an ƙara wani karatun. Tarihi kuwa kada ma a yi magana. Injiniya ko mai kwamfuta yana fita yana samun aiki. A yi wa yarinya tanadin ranar da babu.

Maman Walid:
Injiniya, kowa ya yabi rijiyar gidansu. Tanadin da kake faɗa gaskiya ne, amma kuɗinsa GPA ne. Injiniyanci ya fi kowane kwas cinye kiredit, kusan babu fili a manhajar, ga maki da tsada. Injiniya mai 3.3 gwarzo ne a sashensa, kamfanoni na rububinsa, amma a tebur ɗin makarantar likita 3.3 tana ƙasa, kuma rangwamen da ake yi wa wahalar kwas bai kai ya cike tazarar ba. Wasu makarantun ma da lamba suke fara tacewa kafin mutum ya buɗe fayil. Sannan darussan injiniyanci da yawa AMCAS ba ya sa su a BCPM, rukuninsu daban. Ka sha wuya, ba ta shiga inda ake dubawa ba. Ga kuma oganik da bayoloji da za a ɗora a kai in ba injiniyancin sinadarai ko na kayan asibiti ake yi ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Injiniya Bala:
Na yarda ba na kowa ba ne. Amma yaron da lissafi yake masa kamar shan ruwa, kada a hana shi. Kuma akwai tsaka-tsaki: ƙididdiga ko lissafi. Darussan suna shiga BCPM, kasuwar aiki tana nemansu, kuma duk ɗakin binciken asibiti yana son mai iya sarrafa bayanai.

Maman Walid:
Wannan kam ban musa ba.

Ɗan Kumasi:
Yaya batun aikin jinya? A unguwarmu iyaye da yawa sun ɗauka in yarinya ta fara da nas, tsani ne zuwa likita.

Dakta Habu:
Tsani ne mai karyayyen mataki, ɗan uwa. Kemistiri da bayolojin da ake koya wa ɗaliban jinya sau da yawa nasu ne na musamman, an rage musu zurfi, kuma makarantun likita ba sa karɓarsu a madadin na 'yan kimiyya. Sai ta gama digiri ta tarar dole ta sake kemistiri daga tushe. Shekara 2 na ƙarshe kuma aikin asibiti ya cinye jadawalin, babu inda za a saƙa oganik. A ganawa ma za a tambaye ta me ya sa ta karɓi gurbin nas alhali ba aikin za ta yi ba. Wadda ta riga ta zama nas ta yi aiki, daga baya ta so likitanci, wannan daban, gogewarta riba ce. Amma a shiga da niyyar tsallakawa, hanya ce mai zagaye.

Ƙa'idar a nan, duk darasin da sunansa ya zo da ƙarin cewa na masu jinya ne ko na waɗanda ba 'yan kimiyya ba, a guje shi. A ɗauki wanda 'yan sashen suke ɗauka.

Anti Binta:
Bari in jera lokaci, don a nan ne mai kwas ɗin da ba kimiyya ba yake makara.

Kemistiri sarƙa ce. Na gama-gari 1, na 2, oganik 1, oganik 2, sannan bayokemistiri. Zango 5 a jere, a yawancin jami'o'i ba a tsallake ɗaya. In ta fara a zangon farko na aji 1, za ta gama a watan Disamba na aji 3. Sai ta yi shirin wata 3 ko 4, ta zauna MCAT a Afrilu ko Mayu. Sakamako yana fitowa bayan kamar wata guda. AMCAS yana buɗewa a farkon Mayu, a fara turawa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Makarantu suna ɗauka ne bi da bi, wanda ya riga turawa ya riga samun ganawa, don haka wanda ya tura a Satumba ya tarar an ci rabin tuwon. Bayan wannan kowace makaranta ta aiko nata fom na biyu da tambayoyinta, a yi ganawa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, ta gama digiri a Mayu, ta fara likitanci a Yuli ko Agusta.

To in ta ce bari ta huta da kemistiri a aji 1 ta fara a aji 2, komai ya matsa da shekara guda. Ba musiba ba ce, yawancin waɗanda ake ɗauka yanzu sai sun yi shekara ko fiye tsakanin digiri da makarantar likita, suna aiki a asibiti ko bincike. Amma ya zama an zaɓa ne, ba an wayi gari an tsinci kai a ciki ba.

Sai kuskure na ɗaya gefen, a cusa bayoloji, kemistiri, kalkulas da fiziks duk a zangon farko don gaggawa. Lab 2 a zango sun isa. Yaron da ya fito daga sakandare bai san nauyin jami'a ba tukuna, kuma C ɗin zangon farko yana bin mutum har ranar ganawa.

Malam Na-Zazzau:
Kawu, wani abin da zai kwantar da hankalin gida: a yawancin jami'o'in Amurka ba a tilasta wa ɗalibi ya bayyana kwas ɗinsa sai wajen ƙarshen aji 2, ban da irin su injiniyanci da jinya da ake shiga tun daga ƙofa. Ke nan ba sai an yanke hukunci a watan Agusta ba. Ta ɗauki kemistiri da bayoloji, ta haɗa da darasin tarihi ɗaya da na rubutu. Bayan zango 2 ko 3 takardar sakamako da kanta za ta yi magana. In ta ga kimiyyar tana cin duk lokacinta, bayoloji zai rage mata kaya. In tana ci ba wahala, ta bi tarihinta. Ana kuma iya yin babban kwas a ɗaya, ƙarami a ɗayan. Haɗa manya 2 dai ba ya ƙara wa mutum daraja a idon masu ɗauka, sai dai ya cinye lokacin zuwa asibiti.

Maman Walid:
Lokacin asibitin nan a ja masa layi. Fom ɗin yana da gurbi 15 na ayyukan da mutum ya yi, a zaɓi 3 mafi muhimmanci a yi bayani a kansu. Ana son a ga ta bi likita ta ga aikinsa, ta taɓa hulɗa da marasa lafiya, ta yi aikin sa kai. Kwas ɗin da bai bar mata yammaci ko ɗaya ba ya cuce ta ko da sunansa ya yi daɗi. Sai takardun shaida, yawanci 2 daga malaman kimiyya, ɗaya daga wanda ba na kimiyya ba. A nan 'yar tarihi ta huta da na ukun, amma sai ta dage a kan 2 na farko. Ajin kemistiri mai ɗalibi 300, malami ba zai san ta ba sai tana zuwa ofishinsa a sa'o'in da ya ware.

Baffa Sule:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Duk wannan bayanin ya shafi yaron da zai taso daga Kano da bizar karatu? Akwai masu shirin tura yara su yi bayoloji a can don su zama likitoci.

Dakta Habu:
Baffa gara da ka tambaya, don nan ne ake asarar dukiya. Mai bizar karatu ta F-1 lissafinsa daban ne gaba ɗaya. Makarantun likita da suke duba takardar baƙo ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma waɗanda suke dubawar kaɗan suke ɗauka. Na gwamnatin jiha 'yan jiharsu suke fifitawa, a Texas ma doka ce kashi 90 cikin 100 na kujerun makarantun gwamnati na 'yan jiha ne. Baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun kuma sai ya nuna kuɗin shekara ɗaya, wasu har na shekara 4, a ajiye kafin ya fara. Bizar ba ta ba shi damar aikin albashi a wajen jami'a sai da izini na musamman, to tara gogewar asibiti ma ya fi masa wuya.

Ga irin wannan yaron, maganar Injiniya ta fi nauyi. In bai samu ba, izinin aiki bayan digiri wata 12 ne, amma in kwas ɗin yana cikin jerin STEM, wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, ana ƙara masa wata 24. Bayoloji, kemistiri, lissafi, kwamfuta suna ciki, tarihi ba ya ciki. Shawarar da aka ba Asiya ba za a ba shi ita ba.

In kuwa likitancin ne kawai manufa, hanyar da ta fi araha ita ce ya yi MBBS ɗinsa na shekara 6 a gida, a ABU ko BUK ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta Maiduguri, in yana son aiki a Amurka daga baya ya bi ta ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ya rubuta USMLE, jarrabawar lasisin likita ta can, ya nemi gurbin horon ƙwarewa. Ita ma ba ta da sauƙi, amma da yawa sun bi ta.

Baffa Sule:
To wanda ya riga ya gama digiri a gida, a ce bayokemistiri, zai iya neman makarantar likita a Amurka da shi?

Anti Binta:
Da shi kaɗai da wuya, Baffa. AMCAS ba ya tantance takardar sakamakon jami'ar da ba ta Amurka ko Kanada ba, ba ta shiga GPA ɗinsu. Yawancin makarantu suna son a yi darussan dolen a can, wasu shekara ɗaya suke nema, wasu har kiredit 90. Akwai shirye-shiryen bayan digiri da aka tsara don cike darussan a shekara ɗaya ko 2, irin na Bryn Mawr, Goucher da Columbia, amma kuɗi ne mai yawa.

Shi mai digirin gida, ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce DE ta JAMB, wato shiga kai tsaye, ya shiga aji 2 na MBBS. A nan kuwa akasin Amurka ne, sunan kwas yana da tasiri. Anatomi, fiziyoloji, bayokemistiri da danginsu ake dubawa, da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ga kiredit 5 na sakandare a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Kujerun kuma 'yan kaɗan ne saboda MDCN, hukumar kula da aikin likita ta Najeriya, ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗalibanta. Ina jin daga nan ne ma iyayenmu suka ɗauko cewa sai bayoloji, sun auna Amurka da mudun gida.

Ɗan Kumasi:
Ba a taɓo shirye-shiryen da ake haɗa digiri da likitanci tun daga sakandare ba.

Malam Na-Zazzau:
Suna nan, irin na Jami'ar Brown mai shekara 8 da na Jami'ar Missouri da ke Kansas City mai shekara 6, amma tun a ajin ƙarshe na sakandare ake nemansu, Asiya ta wuce wurin. Wanda ya rage mata shi ne irin FlexMed na makarantar likita ta Mount Sinai, nan cikin New York. A aji 2 na jami'a ake nema, wanda aka ɗauka ba ya rubuta MCAT, ya ƙarasa digirinsa a fannin da yake so. Gasar tana da zafi ƙwarai, kada a gina gida a kanta, amma 'yar tarihi mai maki masu kyau ta gwada.

Kawun Asiya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Tambaya ta ƙarshe. Ta ci jarrabawar AP, ta darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, a bayoloji da kemistiri, jami'ar ta ce za ta yafe mata ajin farko. Ta karɓa?

Dakta Habu:
Kada ta yi saurin karɓa, Kawu. Jami'a ta yafe daban, makarantar likita ta amince daban. Wasu suna karɓar AP in ya fito a takardar sakamakon jami'a, wasu sai an ɗora darasin babban aji a fannin, wasu ba sa karɓa sam. Na bayoloji ta iya karɓa in za ta maye gurbinsa da ilimin gado da fiziyoloji masu lab. Na kemistiri kuwa gara ta sake shi a jami'a, don tsalle daga sakandare kai tsaye zuwa oganik a zangon farko ya kayar da yara da yawa, kuma abin da ta riga ta sani A ce mai sauƙi a BCPM.

Kafin ta yi rajista ta je ofishin masu ba 'yan firimed shawara a jami'ar, ba mai ba da shawara na sashen tarihi kaɗai ba. Ta kuma buɗe MSAR, kundin AAMC da ya jera sharuɗɗan kowace makaranta, ta duba makarantun jihar New York ɗaya bayan ɗaya, tunda a nan take da fifikon 'yar jiha a na gwamnati, ta rubuta abin da kowacce ta ce a kan AP, da darussan intanet, da na kwalejin shekara 2.

Anti Binta:
Kuma darussan dolen nan kada ta ɗauke su a tsarin ci ko faɗuwa, wanda ba a rubuta harafi. Yawancin makarantu harafi suke so su gani, mafi ƙaranci C. Ta ajiye manhajar kowane darasi a kwamfuta tun daga zangon farko, don AMCAS abin da darasi ya ƙunsa yake dubawa wajen sa shi a BCPM, ba sunan sashen da ya koyar ba, kuma in sun canza mata rukuni da manhajar za ta nemi a gyara.